Gwamnati da Gidajen Mai: Tarihin Shirin Proálcool na Ƙasar Barazil, 1975–2003

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa sabon makamashi ba ya karɓuwa sai direba ya tabbata zai same shi a bakin hanya. Tarihin Barazil ya ishe mu misali.

Sa'ad da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Barazil tana sayo mafi yawan manta daga waje. Saboda haka, a watan Nuwamba 1975, gwamnatin Janar Ernesto Geisel ta kafa shirin Proálcool domin tatso etanol daga rake. Ta ba masana'antu rance mai rangwame, ta sa gidajen mai suka kafa famfonsa, sa'an nan ta riƙe farashinsa ƙasa da na fetur. A 1979 Fiat 147 ta fito, mai aiki da etanol zalla. A 1985 kuwa galibin sababbin motocin da aka sayar masu shan etanol ne.

To, amma da fetur ya yi araha a 1986, sai tallafin gwamnati ya ja baya. Sukari kuma ya yi tsada, masana'antu suka karkata gare shi. A 1989 famfuna suka ƙafe, direbobi suka yi ta layi, jama'a suka juya wa motar baya. Ba su waiwayo ba sai 2003, da aka fito da mota mai shan etanol da fetur duka.

A ƙarshe, wannan darasi ya shafi Amurka, wadda a 2021 ta ware dala biliyan 5 don tashoshin cajin motocin lantarki a manyan hanyoyi: kafa tasha bai kai riƙe amanar direba wuya ba.