Maganar Wucewa da Ta Zama Doka: Tarihin Kalmar Dictum

A cikin kalmomin Latinanci da Turanci ya ara, da wuya a samu mai fuska biyu kamar *dictum*. Idan marubucin jarida ya kawo zancen wani babban mutum ya kira shi da wannan suna, girmama zancen yake yi, yana nuna cewa magana ce da aka daɗe da sallama wa. Idan kuwa lauya ya miƙe a gaban alƙali ya ce abin da abokin karawarsa ya karanto *dictum* ne kawai, to rushe shi yake yi, yana nufin kotu ba ta da tilas ta bi shi. Wanda ya san ma'ana ɗaya bai san ɗayar ba zai iya karanta hukunci ya fahimci kishiyar abin da aka rubuta.

Asalin kalmar ba shi da wani kwarjini. Daga aikatau *dicere* ta fito, wato faɗa, kuma ma'anarta ta farko ita ce abin da aka faɗa, ko na sarki ne ko na mai tallan kifi. Jam'inta *dicta*. Nauyi ya hau kanta ne sannu a hankali, saboda irin bakunan da aka fi jingina ta da su. A Ingila, bayan an kashe Simon de Montfort a yaƙin Evesham a 1265, ragowar 'yan tawayensa suka ƙi sauka daga ganuwar Kenilworth. A ƙarshen Oktoba 1266 aka shelanta sharuɗɗan sulhu a madadin Sarki Henry na Uku, inda aka ba wa 'yan tawaye damar fansar filayensu, akasari da ninki biyar na abin da filin ke kawowa a shekara. Takardar nan har yau *Dictum* na Kenilworth ake kiran ta. A nan kalmar umarni ce tsantsa, wanda ya ƙi bin ta ya rasa gadon ubansa.

Ƙorafi a kan irin wannan nauyi ya girmi takardar Kenilworth da fiye da shekara dubu. A shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero ya yi wa almajiran Fitagoras ba'a a littafinsa na bahasin alloli, domin an ce idan aka nemi dalilin wani ra'ayinsu sai su amsa da cewa shi da kansa ya faɗa. Daga nan aka samu *ipse dixit*, laƙabin da ake yi wa duk da'awar da ba ta da madogara sai sunan mai ita. Tushen kalmar ɗaya ne da na *dictum*, kuma zargin da ke cikinta bai taɓa rabuwa da 'yar'uwarta ba.

A rubutun yau da kullum, ginin jimlar kusan iri ɗaya ne a ko'ina: sunan mutum, sai kalmar, sai abin da ya faɗa a taƙaice. Abin lura shi ne aikatau da marubuci ya zaɓa ya raka ta da shi. Ana bin *dictum*, ana kafa hujja da shi, ana tunawa da shi, ana kuma ƙaryata shi, kuma idan aka kira shi tsoho, yawanci shirin kayar da shi ake yi a jimla ta gaba. Wannan ne ya bambanta shi da karin magana. Bahaushe idan ya ce masu iya magana sun ce, bai jingina zancen ga kowa ba, hikimar jama'a ce. *Dictum* kuwa yana da uba, kuma da sunan uban yake cin abinci.

Sai dai uban ba ya nan lokacin da ake amfani da sunansa. A 1887 Lord Acton ya rubuta wa masanin tarihi Mandell Creighton wasiƙa, yana sukar sassaucin da ya ga Creighton ya yi wa fafaroman da suka gabata a littafinsa. Hujjar Acton ita ce bai kamata masanin tarihi ya yi wa mai mulki uzuri don girman kujerarsa ba. A cikin wannan muhawara ce ya yi shahararriyar maganarsa a kan yadda mulki ke lalata mutum. Amma a kashin farko na maganar ya yi taka-tsantsan, ya ce mulki yana da halin karkata zuwa ga lalatawa, sai mulki marar iyaka ne ya yanke wa hukunci kai-tsaye. Masu kawo maganar sau da yawa sukan yar da wannan taka-tsantsan, su kuma manta cewa gardama ce tsakanin malaman tarihi biyu a kan yadda ake auna matattu. Da zarar an kira zance *dictum*, an yanke shi ke nan daga wurin da aka haife shi.

Fuska ta biyu a ajin koyar da doka ta fara bayyana. Wajen 1140, a birnin Bolonya na Italiya, wani malami mai suna Gratian ya tattara dokokin coci masu karo da juna a kundi ɗaya. Ya jera nassoshin majalisun limamai da na fafaroma da na magabata, sa'an nan a tsakaninsu ya riƙa sa bayanin kansa don daidaita su. Waɗannan bayanai su ake kira *dicta* na Gratian. Ɗalibai sun san bambancin: nassi shi ne hujja, bayanin kuma ra'ayin malami ne, ko da malamin ya fi kowa sani.

Kotunan Ingila suka ɗauki irin wannan rarrabewa suka mai da ita ginshiƙin aiki. A tsarinsu, hukuncin babbar kotu yana ɗaure ƙananan kotuna, don haka dole a san wane ɓangare na dogon jawabin alƙali ne ke ɗaurewa. Amsar ita ce dalilin da hukuncin ya tsaya a kansa, wanda in an cire shi sakamakon zai canza. Shi ake kira *ratio decidendi*. Sauran duk *obiter dictum* ne, abin da aka faɗa a kan hanya, maganar wucewa. Da yawan amfani lauyoyi suka gajarce shi zuwa *dictum* kawai, kalmar umarni ta wayi gari tana nufin abin da ba umarni ba.

Hikimar wannan ƙa'ida babu wanda ya fayyace ta kamar Babban Alƙalin Amurka John Marshall, kuma larura ce ta sa shi. A shari'ar Cohens da jihar Bajiniya a 1821, lauyoyi suka kafa masa hujja da kalmomin da shi da kansa ya rubuta a shari'ar Marbury da Madison a 1803. Marshall ya amsa cewa maganganun gaba ɗaya da ke cikin hukunci da shari'ar da aka yi su a ciki ake auna su. Idan sun zarce ta, a girmama su, amma kada su mallaki hukuncin gaba. Dalilinsa shi ne tambayar da ke gaban kotu ita ce ake bincikawa ta kowace fuska, abin da ke gefenta kuwa ba a cika hango inda zai kai ba. Ba kasafai ake samun alƙalin da zai rage wa maganar bakinsa daraja a rubuce ba.

Bayan shekara 36 wannan ƙa'ida ta zama makamin siyasa. A shari'ar Dred Scott a 1857, Babban Alƙali Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata zuriyar bayi ba ɗan ƙasa ba ne, saboda haka ba shi da ikon kai ƙara kotun tarayya. Bai tsaya nan ba, ya ci gaba ya ce majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan da ba su zama jihohi ba, ya soke yarjejeniyar Missouri ta 1820. 'Yan jam'iyyar Republican suka ce tunda kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar, duk abin da ta faɗa bayan haka maganar wucewa ce. Masana tarihin shari'a da dama suna ganin wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba a fannin doka zalla, domin Taney ya gabatar da batun a matsayin dalili na biyu na rashin hurumi. Amma ta yi aikin da aka ɗauko ta domin shi: ta ba wa masu adawa da bauta hanyar ƙin bin kotu ba tare da sun ce sun yi mata tawaye ba. A Yuni 1862 majalisa ta hana bauta a yankunan, kamar Taney bai taɓa magana ba.

Akasin haka ma ya faru, kuma shi ya fi ban mamaki. A 1886 gundumar Santa Clara ta jihar Kalifoniya tana shari'ar haraji da kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific. Lauyoyin kamfanin sun shirya hujjar cewa gyara na 14 na tsarin mulki, wanda aka yi a 1868 musamman don kare 'yantattun bayi, ya shafi kamfanoni su ma a matsayin mutane. Kafin a fara muhawara, Babban Alƙali Morrison Waite ya ce kotu ba ta bukatar jin bahasi a kan wannan, domin dukkan alƙalan suna ganin ya shafe su. Hukuncin da Mai Shari'a Harlan ya rubuta bai taɓa batun ba ko kaɗan. A kan kuskuren lissafin haraji ya tsaya, har da batun shingayen da ke gefen layin dogo. Amma magatakardan da ke buga hukunce-hukuncen kotun, Bancroft Davis, wanda ya taɓa shugabantar wani kamfanin jirgin ƙasa, ya tuntuɓi Waite ko ya sa waccan magana a rahoto. Waite ya bar masa zaɓi, tare da tuna masa cewa kotu ta kauce wa tambayar a hukuncinta. Davis ya sa ta a taƙaitaccen bayanin da ke saman hukuncin.

Wannan magana ko matsayin maganar wucewa ba ta kai ba, tunda ba ta cikin hukuncin. Duk da haka a 1889 Mai Shari'a Stephen Field ya kawo shari'ar Santa Clara a matsayin wadda ta tabbatar da cewa kamfani mutum ne a idon gyara na 14, na baya suka kawo Field, aka yi ta tafiya a haka. Abin da ya canza a tsakani shi ne aikatau: inda ya kamata a rubuta cewa babban alƙali ya ambata, sai aka rubuta cewa kotu ta yanke.

Ba kullum ne irin wannan hawa yake zuwa ta ɓarauniyar hanya ba. A 1963 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, suka saurari ƙarar kamfanin talla na Hedley Byrne, wanda ya yi asarar kimanin fam 17,000 bayan ya dogara da shaidar da bankin Heller ya bayar a kan wani abokin ciniki. Kamfanin ya faɗi, domin bankin ya rubuta tun farko cewa ba ya ɗaukar alhakin shaidar. Amma alƙalan suka yi dogon bayani cewa ba don wannan sharaɗi ba, mai ba da shawara cikin sakaci zai iya biyan diyya. A bisa tsattsauran ma'auni, ana iya cewa duk bayanin maganar wucewa ne. Sai dai an yi shi da gangan, bayan cikakkiyar muhawara, kuma a kansa ne alhakin akanta da mai binciken kuɗi da ma'aikacin banki ya ginu a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila.

Nijeriya na cikinsu. Dokar Ingila ta shigo Legas a 1863, daga baya ta game ƙasar, kuma tun 1963 Kotun Ƙoli ce ƙarshen ɗaukaka ƙara. Lauyan Kano ko Kaduna da ke gardamar cewa wani sakin layi na hukuncin Kotun Ƙoli maganar wucewa ne, sana'ar Marshall yake yi, ko da yake ya san ƙaramin alƙali ba ya gaggawar tsallake abin da manyansa suka faɗa, ko a kan hanya suka faɗe shi.

A zauren malamai kuwa an daɗe da sanin wannan matsala da wata kalmar. *Ƙauli*, daga Larabci, shi ma asalinsa faɗa ne kawai, shi ma ya hau ya zama ra'ayin malami abin dogaro, shi ma kuma yana da fuska ta biyu: mai cewa a wani ƙaulin ya riga ya sanar da mai sauraro cewa akwai wani, kuma ba lallai wannan ne mai rinjaye ba. Hausa ma tana da ma'auninta na kusa, domin tsakanin *in ji* da *wai* akwai tazarar da ke tsakanin riƙe magana da hannu biyu da riƙe ta da yatsa.

Khalil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda Mukhtasar ɗinsa ya zama madogarar alƙalan Malikiyya a ƙasar Hausa, ya ɗauki matakin da magatakardan Amurka bai ɗauka ba. A gabatarwar littafin ya ware wa kowane babban malami kalmarsa: zaɓi na Lakhmi ne, rinjayarwa ta Ibn Yunus, bayyana ta Ibn Rushd, faɗa kuma ta Maziri, wanda ya rasu a 1141, daidai zamanin da Gratian ke rubutu a Bolonya. Ya ƙara da cewa idan kalmar ta zo a siffar aikatau, ra'ayin malamin ne na kansa. Idan ta zo a siffar suna, zaɓa ya yi daga saɓanin da ya tarar. Inda kuma ya ambaci ƙauli biyu ko fiye ya yi shiru, yana nufin bai samu nassin da ya fifita ɗaya a kan ɗaya ba, kuma a irin wannan wuri ne alƙali ke rufe Mukhtasar ya jawo sharhi.