Sake Amfani da Kwanson Harsashi da Haɗarinsa ga Mafarauta: Nazari a kan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba aikin sake ɗura kwanson harsashi, ko sauya masa girma domin ya shiga wata bindiga, da haɗarin da hakan ke jawo wa mai harbi da iyalinsa. An gina nazarin a kan ilimin ƙarafa, da tarihin hukumomin gwajin bindiga a Turai da Amurka, da Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959. Maƙalar ta nuna cewa ma'auni da hukumomin gwaji ne ke tsare masu wannan aiki a ƙasashen waje, fiye da gwanintar hannu. Da yake mafaraucin arewacin Zamfara ba shi da wannan kariya, an ba da shawarar a ɗauki lamarin a matsayin batun lafiyar al'umma.

Muhimman kalmomi: kwanson harsashi, tagulla, albarushi, bindigar toka, dalma

1.0 Gabatarwa

Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi tsofaffin garuruwa ne na noma da fatauci da farauta. Namoda, wanda Ƙaura ke amsa sunansa, yana cikin jagororin yaƙin da ya ci Alƙalawa a 1808, kuma a Ƙaura ne layin dogo da ya taso daga Zariya ya tuƙe a 1929. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani Afirka, ta bar ƙofa ga bindigar toka, don haka ita ce ta zauna a hannun maharba, maƙera kuma suka gwanance a gyaranta da ƙirarta.

Matsalar 'yan bindiga ta sauya wannan tsari. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta nemi jama'a su mallaki bindiga don kare kai, a Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Makamin da a da ake koyon riƙonsa shekara da shekaru a ƙarƙashin Sarkin Baka, yau ya shiga hannun manomi da matashin da bai taɓa ɗura bindiga ba. Inda harsashi ya yi tsada, dole ido ya koma kan kwanson da aka riga aka harba.

2.0 Yadda aikin yake a inda ya samo asali

A Amurka, sauya girman kwanso tsohuwar sana'a ce ta masu sha'awar harbi. Daga kwanson .308 aka samo .243 Winchester a 1955, kamfanin Remington kuma ya karɓi .22-250 a 1965 da .25-06 a 1969 bayan sun daɗe a hannun masu gwaji. Sai dai akwai tsari da ke bayan wannan aiki. An kafa gidan gwajin bindiga na Birmingham a Ingila a 1813, hukumar C.I.P. ta Turai a 1914, sai SAAMI ta Amurka a 1926. C.I.P. da SAAMI ne ke ƙayyade girman harsasai da iyakar matsin da za su haifar. A ma'aunin SAAMI, iyakar .308 fam 62,000 ne a kan kowane inci murabba'i, ta bindigar farauta mai lamba 12 da aka saba da ita kuwa fam 11,500. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna cewa abin da wata bindiga ke ɗauka cikin sauƙi, wata tarwatsewa za ta yi. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen C.I.P., kuma bindigar da ta fito daga maƙera ba ta bi ta hannun mai gwaji.

3.0 Halin tagulla

Tagullar kwanso haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Aikin kwanso shi ne ya kumbura a lokacin harbi, ya manne da bangon bindiga, ya hana wuta komawa fuskar mai harbi. Abubuwa huɗu ne ke karya wannan aiki.

Na farko, tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa ta ko aka harba ta, har ta kai ga tsagewa a wuya ko rabuwa a gindi. Sirancewar jikin kwanso da ke kawo rabuwar tana farawa ne daga ciki, inda ido ba ya kaiwa, saboda haka mai duba ƙyallin kwanso kallon kitse yake yi wa rogo.

Na biyu, idan aka matse bakin kwanso, wuyansa yakan yi kauri, ya shaƙe kan harsashi a cikin bindiga, matsi ya haura iyaka.

Na uku, tambarin da ke gindin kwanso ba ya sauyawa ko da girmansa ya sauya. Wanda ya ara ko ya saya zai gaskata rubutun, ya sa harsashin a bindigar da ba tasa ba.

Na huɗu ya fi shafar karkararmu. Sojojin Ingila a Indiya sun lura kwansonsu na tsagewa da damina idan an ajiye shi a bargar dawaki. A 1921 Moore da Beckinsale da Mallinson suka bayyana dalilin: amoniya da ke tashi daga fitsarin dabba tana cin tagullar da ke cikin matsi. A gidan da turken dabbobi da buhun takin yuriya ke kusa da ɗakin ajiya, daminar Yuli da Agusta tana samar da wannan yanayi daidai.

4.0 Yadda haɗarin yake a arewacin Zamfara

Abin da ya fi kusa da aikin sauya girman kwanso a wannan yanki shi ne ɗura bindigar toka da sake ɗura kwanson bindigar farauta. Rahoton Small Arms Survey na 2018 ya nuna yadda ƙirar bindiga ta gida ta yaɗu a Nijeriya. Haɗari mafi muni a nan shi ne gauraya albarushi. Albarushin gargajiya daban yake da marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884. Na zamani yana haifar da matsin da bututun bindigar toka ba zai ɗauka ba, balle wanda aka yi da bututu mai ɗinki a jikinsa. Idan ya fashe, hannun hagu da ke tallabe bindiga da idanu ne ke fara tafiya, ga manomi kuwa wannan asarar abincin gida ce gaba ɗaya. Rashin tsaron hanya yana ƙara jinkirta kai mai rauni asibitin Shinkafi ko Zurmi, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

Akwai kuma dalma. Zamfara ta san zafinta tun 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a Anka da Bukkuyum sanadiyyar daka duwatsun zinare a cikin gidaje. Narka dalma a tsakar gida don yin ƙwayoyin harbi yana barin irin wannan ƙura a inda yara ke rarrafe, kuma lahaninta ga ƙwaƙwalwar yaro ba ya warkewa.

5.0 Matsayin doka

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda izininsu ke hannun Shugaban Ƙasa, na mallakar mutum, kamar bindigar farauta, a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sai masu ɗuri ta baki, a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta haɗa harsashi cikin abin da ta tsare. Dokar 1959 ta yi bayani a kan wanda zai riƙe makami, amma maharbin ƙauye ba shi da inda zai kai bindigarsa a tabbatar masa ba za ta fashe ba.

6.0 Shawarwari da kammalawa

Masarautun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su haɗa Sarakunan Maƙera da na Baka da 'yan sanda a yi wa masu gyaran bindigar toka rajista bisa doka. Asibitocin yankin su riƙa rubuta raunin fashewar bindiga daban da raunin harbi, domin a samu alƙaluman da za a gina manufa a kansu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tana iya nazarin ɓaraguzan bututun da suka fashe. Gidajen rediyo da limamai su isar da saƙo uku: kada a sake ɗura kwanson da aka tsinta, kada a sa albarushin zamani a bindigar toka, kada a narka dalma a cikin gida.

Nazarin ya nuna cewa kwanso abu ne mai iyaka, kuma awo ne kaɗai ke gano iyakarsa. Mutumin da rashin tsaro ya tilasta wa ɗaukar bindiga yana da haƙƙin a gaya masa wannan gaskiya a harshensa, hukuma kuma tana da nauyin samar da tsaron da zai sa ya ajiye ta.