Daga Wuri zuwa Kwabo: Lissafin Kuɗi a Ƙasar Zurmi

Zurmi tana kan tsohuwar hanyar fatake wadda ta haɗa Katsina da Sakkwato. Ta nan Clapperton ya bi cikin 1824, Barth kuma ya ratsa ta cikin 1853. A wancan zamani wuri shi ne kuɗi, da shi ake sayen gishiri da tufa da doki, da shi ake biyan kuɗin ƙasa. Nufin wannan maƙala shi ne a nuna yadda mutanen wannan yanki suka riƙa auna darajar abu sa'ad da kuɗi ya sake kama, da kuma wanda sauyin ya fi cuta.

Ƙirgan wuri sana'a ce mai ƙa'ida. Akan zube shi a tabarma a riƙa ja biyar biyar. Wuri ashirin shi ne hauya, dubu ashirin kuwa keso, watau abin da akan ƙunshe cikin tabarma a ɗora wa mutum. Barth ya tarar ana canjin dalar azurfa guda da wuri 2,500 a Kano cikin 1851. Amma daga tsakiyar ƙarnin nan Turawan ciniki suka yi ta jibgo wurin gabashin Afirka a bakin teku, sai darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zamana a tafiya mai nisa ladan ɗaukarsa yakan cinye kaso mai yawa daga cikinsa.

Da Turawa suka ci ƙasa, sai suka hana shigo da wuri cikin 1904, suka kawo kuɗin ƙarfe. To, a nan ne talaka ya shiga wuya. Da wuri yake sayar da dawarsa, ga shi ana ƙara matsa masa ya biya haraji da sule. Tilas ya nemi mai canji, farashin canji kuwa ya bambanta daga gari zuwa gari. Wanda ya iya lissafin kuɗin nan biyu shi ya ci riba, wanda bai iya ba ya yi hasara sau biyu, wajen sayarwa da wajen canji.

Sunayen kuɗin da kansu sun adana mana lissafin. Rabin kwabo an kira shi ɗari, domin an daidaita shi da wuri ɗari. A bisa wannan, kwabo wuri 200 ke nan, anini hauya guda, sule kuwa 2,400. Keso ɗungum, kayan ƙato, ya koma sule takwas da kwabo huɗu, abin da yaro zai damƙe a tafin hannu. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda cikin 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, kuɗin ƙarfe ya yawaita a hannun manoman Zurmi da Shinkafi, wuri ya koma kayan ado.

Ran 1 ga Janairu, 1973, aka sāke. Fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma maimakon sha biyu. Duk da haka jama'a ba su saki tsofaffin sunaye ba: jaka, wadda dā fam ɗari ce, ta zama naira ɗari biyu.

Saboda haka malamin da ke horon masu koyar da lissafi yana da darasi a ƙofar gidansa. In ya tambayi almajiransa dalilin da ya sa aka kira rabin kwabo ɗari, ya sa su fitar da yawan wurin da ke cikin fam guda, watau 48,000, ya koya musu lissafi da tarihi gaba ɗaya. Ya kuma nuna musu abin da kakanninsu suka gane da tsada, cewa duk ranar da aka sauya ma'auni, wanda bai iya ƙirga ba shi ke biyan bambancin.