Iyakar 1898 da Ta Koma Cikin Waya

A watan Yunin 1898, Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a Paris wadda ta raba ƙasar Bargu gida biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zauna a hannun Ingila. Wannan layi ne a yau ya raba Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin, tsakanin Tsamiya da Segbana. Fataken goro da ke ratsa Illo zuwa Gwanja sun daɗe da shuɗewa, amma layin ya samu sabon aiki: shi ne ke yanke abin da waya za ta buɗe da abin da za ta ƙi buɗewa.

Ranar 28 ga Afrilun 2019, Benin ta yi zaɓen majalisar dokoki wanda aka hana jam'iyyun adawa shiga. A ranar aka toshe Facebook da WhatsApp da Twitter, daga baya intanet ta ɗauke a faɗin ƙasar. Layukan Najeriya kuwa suna aiki lafiya.

Bayan shekara biyu reshe ya juye da mujiya. Ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan Jihar Kebbi, ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dokar. Sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka ɗage takunkumin. A tsawon watannin nan, shafin da ya gagari mai layin Najeriya yana buɗuwa a layin Benin. Kamfanin MTN yana aiki a ƙasashen biyu, amma kowane reshensa umarnin hukumar da ta ba shi lasisi yake bi.

An iya tabbatar da toshewar biyu ne domin akwai masu aunawa. NetBlocks ta nuna yadda intanet ta ɗauke a Benin, OONI kuma ta tattara gwaje-gwajen da masu sa-kai suka yi da manhajarta a wayoyinsu a Najeriya. Irin wannan shaida ce ke hana a ɗora laifin a kan lalacewar na'ura. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatar da Twitter ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Sai kuma batun sirri. Tun Disambar 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, dokar kare bayanan jama'a kuwa ba ta samu sa hannu ba sai a Yunin 2023. Ɗan kasuwar da ke riƙe da layin ƙasashe biyu ya bar sawunsa a rumbunan gwamnatoci biyu, kowace da dokarta.

Awon OONI ya dogara ne ga mai wayar da ya yarda ya gwada. Idan aka toshe wani shafi a Lolo ko Tsamiya kuma babu wanda ya auna daga can, mazauna garin za su san abin da ya same su, amma ba su da abin da za su nuna wa kotu.