Tarihin Giwayen Addo

Ku 'yan makaranta, kun sha jin kalmar nan safari a bakin Turawa. Asalinta Larabci ne, mutanen Gabashin Afirka suka ara, Turawa kuma suka karɓa daga gare su. 'Yar'uwar safara ce tamu ta Hausa. A da, in an ce mutum ya tafi safari, to, da bindiga ya fita, da 'yan alaro bayansa. Yanzu kuwa cikin mota ya ke zaune, kallo kaɗai ya kai shi. Za mu ba ku labarin wani daji inda kallon nan ya kusa rasa abin kallo.

Addo tana Afirka ta Kudu, kamar mil 45 daga birnin Port Elizabeth, wanda a ke kira Gqeberha yanzu. Daji ne mai sarƙaƙiya ƙwarai, har giwa ta kan tsaya kusa da mutum bai gan ta ba. Da manoma suka kafa gonakin lemo a bakin kogin Sundays, sai zama ya ƙi daɗi. Giwaye su fasa shinge da dare, su tattake shuka, su shanye ruwan da aka tara. Kada mu yi saurin zagin manoman nan, gama duk wanda ya taɓa wayar gari ya tarar an cinye masa gona ya san zafin abin.

Suka kai kuka. A 1919 Gwamnatin lardin ta ɗauki wani shahararren maharbi, Manjo Pretorius, ta ce ya gama da su. Cikin shekara guda da 'yan watanni ya kashe fiye da 100. Da jama'a suka tsorata da yawan kisan aka tsai da shi, saura 16 kaɗai. A 1931 aka keɓe wurin ya zama gandun daji na ƙasa, sa'an nan giwa 11 suka rage.

Amma takardar Gwamnati ba ta tsare giwa. Suka ci gaba da fita, manoma suka ci gaba da harbi. Masu tsaro suka yi dabara, suka riƙa zuba musu lemo a wuri guda don su zauna, baƙi kuma su sami kallo. Dabarar ta zo da nata lahani, domin giwayen sun daina nisa da wurin, suka cinye itatuwan kewaye, suna faɗa a kan lemo har suna ji wa juna ciwo. Kafin 1980 aka bari.

Abin da ya cece su shinge ne. Wani shugaban masu tsaro, Graham Armstrong, ya samo tsofaffin ƙarafan dogo ya kafa su a ƙasa, ya ɗaure da igiyoyin ƙarfe masu kauri. Aka gama a 1954, giwaye 22 na ciki. Manomi ya sami barci, giwa ta sami haihuwa. A ganinmu mutumin nan ya fi maharbin cancantar a riƙe sunansa, ko da ya ke labarin maharbi ya fi daɗin ji.

Yau giwayen Addo sun wuce 600. Baƙi su kan tsai da mota a bakin tafki, garke ya zo ya wuce su, ba mai firgita wani. An kuma gargaɗi direbobi kada su taka kashin giwa a hanya, saboda wani irin buzuzu mara tashi da ke rayuwa da shi. Sai dai mai lura zai ga yawancin matan ba su da haure, ga shi kuwa giwar Afirka mace da namiji duk su kan yi shi. Masana sun danganta wannan da ƙarancin iyayen da garken ya fito daga cikinsu, shi ya sa aka kawo toraye daga gandun Kruger don a sabunta jini.

Akwai wani toro da a ke kira Hapoor, saboda ɓalli a kunnensa, wanda a ke zaton harsashi ya yi masa. Ya shugabanci garken daga 1944 zuwa 1968, bai taɓa yarda da ɗan Adam ba. Da wani matashi ya ture shi daga sarauta, sai ya haura shingen Armstrong, abin da a ke cewa ba ya yiwuwa. Aka bi shi aka harbe. Kansa yana nan a kafe a masaukin baƙi na gandun.