Ƙwayar cutar kwamfuta mai tsoratarwa

Mece ce ita?

Wata muguwar manhaja ce da ake shiryawa don a firgita mutum. Takan zo muku da sunan wasa ko kyauta daga aboki. Da zarar kun buɗe ta, sai allo ya koma ja ko baƙi, fuskar dodo ta bayyana, kururuwa ta tashi. Ba aljani ba ne, ba kuma sihiri ba. Mutum ne ya rubuta ta.

Wace ɓarna take yi?

Tsoron yakan wuce, amma ɓarnar takan zauna. A shekarar 2016 aka fito da MEMZ don raha. Tana lalata sashen farko na faifan ajiya, wanda kwamfuta ke karantawa kafin ta tashi. A wannan shekarar kuma, Petya ta riƙa nuna ƙoƙon kan mutum a jan allo, ta kulle ajiyar mutane, ta nemi kuɗin fansa.

Yaya za ku kare kanku?

1. Kada ku buɗe fayil mai ƙarewa da .exe idan ba ku san asalinsa ba.
2. Makullin USB da ya shiga kwamfutar gidan intanet a Yamai, ku sa a bincika shi kafin ya shiga taku.
3. Ku ajiye kwafin takardunku da hotunanku a wani wuri dabam.
4. Idan cutar ta kama kwamfutarku, ku cire intanet, ku kai ta wurin mai gyara. Kada ku biya kowa fansa.

Me doka ta ce?

Dokar Nijar ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci ga mai lalata bayanan kwamfutar wani. Saboda haka kada ku tura wa kowa irin wannan fayil, ko da wasa.