Zanen Bayan Manyan Motoci a Kasuwar Dawanau: Aro Ne ko Fasaha?

A wani taron ƙara wa juna sani da aka yi kwanakin baya, wani abokin aikina ya sake taso da ra'ayin da ya daɗe yana yawo tsakanin manazarta fasahar Hausa. A cewarsa, idon Bahaushe zayyana ya sani, wato dagi da aska takwas da danginsu. Zaki da mikiya da ɗawisun da ake gani a bayan manyan motoci kuwa baƙi ne, an kwaso su daga kalanda da fastocin finafinai, don haka ba su cancanci shiga sahun fasaharmu ba. Ban gamsu da wannan hukunci ba, kuma a Dawanau na samo dalilina.

Ba sai an maimaita tarihin adon gini da na tufafi ba (Kirk-Greene 1963, Heathcote 1976, Schwerdtfeger 2007). Abu guda ya isa a ɗauko daga ciki: maginan Zariya sun zana keke da agogo da jirgin sama a fuskar zaure, kafaɗa da kafaɗa da dagi, kuma babu manazarcin da ya fitar da waɗannan gidaje daga ginin Hausa.

Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a kan hanyar Katsina, ta kafu ne a tsakiyar shekarun 1980. Motocin da ke ɗaukar gero da wake da riɗi da zoɓo zuwa Maraɗi ko Legas kan yini a jere suna jiran lodi, mai nazari ya samu damar kallon bayansu a tsanake. Na daɗe tsaye a bayan wata gingimari mai bodin katako ana loda mata riɗi. Zaki ne a tsakiya, fentinsa ruwan ɗorawa, bayansa shuɗi. Kafin idona ya kai ga zakin, abin da ya fara kama shi shi ne iyakar da aka kewaye hoton da ita: layi ja, layi kore, sai ƙananan gidajen dara masu maimaita juna, dama daidai da hagu, ga addu'ar sauka lafiya a sama. Wanda ya taɓa riƙe allon zayyanar ɗalibin da ya yi sauka zai gane wannan tsari nan take.

Hujjar abokin nawa mafi ƙarfi ita ce asalin hoton. Ya ce mai zanen bai taɓa ganin zaki ido da ido ba, tarin takardu kawai yake da shi. Haka ne. Masu wannan sana'a kan tara abin da ya ba su sha'awa: shafin tsohuwar kalanda, kwalin ashana, sitikar da aka ɓamɓaro daga jikin wata motar, yanzu kuma hotunan cikin waya. Larkin (1997) ya ambaci yadda sitikun taurarin finafinan Indiya suka ƙawata tasi da bas a Arewa, saboda haka batun aro ba abin musu ba ne. Sai dai a ganina, kuskuren yana wajen ɗaukar tarin a matsayin zanen. Maɗinkin babbar riga ma yana da tarinsa, a takarda ko a ka, kuma shi ma gada ya yi. Abin dubawa shi ne me aka yi da hoton bayan an ɗauko shi. Zakin kalanda yana cikin daji, da inuwa da nisa da kusa. Zakin bayan mota an shafe masa dajin, an miƙar da shi a gicciye, an kaurara layin jikinsa, an zaunar da shi tsakiya kamar yadda ake zaunar da dagi. Wannan ragewa, da alama, ita ce aikin. Direban da ke biye da motar cikin ƙurar hunturu daƙiƙa kaɗan yake da su, hoton da ya cika tarkace ba zai karantu ba.

Ya kuma ce da yawa daga cikin bodin nan a Kudu aka haɗa su, a can aka yi musu fenti, kuma zanen mota sana'a ce ta Nijeriya baki ɗaya (Pritchett 1979). Nan dole in rage faɗin da'awata. Ba na cewa hannun da ya riƙe burushi na Bahaushe ne a kowace mota. Abin da bayan motocin Dawanau ke iya tabbatarwa ya tsaya ga zaɓi da kallo: mai mota ne ke faɗin abin da za a sa, shi ke biya, shi ke sa a goge abin da bai yi masa ba idan ya sayi motar hannu. Ana iya ganin wurin da aka shafe hoton mutum aka ɗora masallaci ko doki, tsohon fentin yana leƙowa ta ƙarƙashi. Wannan shafewa shaida ce ta ma'auni, domin wanda ba shi da ma'auni ba ya kashe kuɗinsa wajen gyara hoto.

Ma'aunin ma yana da kalmominsa, ko da yake ba a littattafanmu suke ba. 'Yan dako da yaran mota kan ce zane "ya fito" idan ana gane shi daga nesa, su ce "ya zauna" idan ɓangarorinsa sun daidaita, su ce "an cika shi" idan ado ya yi yawa har ya danne hoton. Da waɗannan kalmomi uku wani yaron mota ya bambance mini motoci biyu da ke fake kusa da juna, duka da mikiya a bayansu. Ya zaɓi wadda fentinta ya fi tsufa, ya ce fikafikanta ne suka zauna.